Gurguzun Da Ya Kwance Mini Shanu

Ba zan taɓa mantawa da cin fuskar da Habibu ya yi mini a bainar jama'a ba. Ya ƙwace mini majalisa, ya mayar da ni abin dariya a garinmu Toranke, kuma abin haushin, ko murya bai ɗaga ba.

Ajinmu ɗaya da shi a sakandare a Gaya. Ni na tsaya a aji uku na dawo gona, shi ya zarce har ya zama wai Dakta, yana koyar da ilimin siyasa a Kano. (Mutumin da nake yin lissafi yana leƙen takardata, Allah ne shaida.) Amma a gida ni ne gwanin siyasa. Rediyo ba ya barin kunnena, duk abin da ya faru a duniya ni ake jira in fassara.

Ɗaurin auren ɗan maigari ne ya kawo shi, farkon damina, kowa na jiran ƙasa ta jiƙa a fara huɗar gyaɗa. An shafa fatiha, muna zaune a rumfa ana jiran abinci, sai na ga mutanen da suka saba zagaye ni duk sun juya mini ƙeya. Wani ya tambayi Habibu me ya hana 'yan siyasar duniya jituwa, gogan naka ya gyara babbar riga ya fara. Wai akwai 'yan jari-hujja, masu cewa abin da ka nema da guminka naka ne, a bar kasuwa ta yi halinta. Akwai 'yan gurguzu, su kuma a wajensu gona da kayan aiki na al'umma ne, a yi tare a ci tare. Ga 'yan ra'ayin riƙau da ba sa son a taɓa abin da aka gada. Sai masu sassaucin ra'ayi, a ƙyale kowa da 'yancinsa muddin bai cuci wani ba. Ba ka jin komai sai "Kai, ilimi kogi ne!" Ni kuwa kamar ana zuba mini garwashi a ƙirji.

Da na ji ya ce shi ya fi karkata ga kasuwa, na ce yauwa, ga ƙofa. Na miƙe zumbur (har hulata ta faɗi, ban ko waiwaye ta ba) na ce, "Dole ka so jari-hujja mana, Dakta, tunda ka sayi mota! Mu talakawa gurguzu muka sani. Gayya ba gurguzu ba ce? Duk abin da ke garin nan na kowa ne, babu nawa babu naka!"

Aka yi tafi. Wallahi na ji kaina ya taɓa rufin rumfa.

Sai ga muryar Malam Tanko, maƙwabcina, wanda kowace damina sai ya roƙe ni aron shanun huɗa in ce masa ɗaya na ɗingishi. "Alhamdulillahi! Ashe shanun nan namu ne ban sani ba. Maƙwabci, ana yin ruwa zan zo in kwance su, har da garmar."

Ban san lokacin da bakina ya ce, "Duk wanda ya taɓa mini shanu sai mun tsaya gaban alƙali! Da gumina na saye su!"

Habibu ya yi ɗan murmushi. "Jama'a, kun ji jari-hujja."

"Ba haka nake nufi ba! Tun kaka da kakanni mai shanu shi ke fara huɗa."

"Ra'ayin riƙau ke nan."

"To mutum ba shi da ikon yin abin da ya ga dama da kayansa?"

"Madalla, ya faɗa sassaucin ra'ayi. Ɗan ajinmu, abin da nake shekara ina koyarwa, kai ka gama shi kafin a kawo shinkafa."

Rumfa ta kwashe da dariya. Maigari har da goge hawaye da hannun riga. Don in toshe bakin mutane na ce wasa nake, Tanko ya zo ya ɗauka. Ya kuwa zo, ƙaninsa na biye da shi yana jiran layi. Gyaɗata ce ta ƙarshen tsirowa a unguwarmu, har yau kuma in na doso majalisa sai wani ya ce a matsa wa Kwamared. Darasin da na koya: in za ka yi gurguzu, ka yi shi da rani, lokacin da babu mai bukatar garma.

Amma ranar ɗaurin auren ban bar Habibu ya tafi haka ba. Na tare shi a bakin motarsa yana sallama da mutane, na ce, "Habibu, ka manta aƙida guda, ka je ka ƙara wa ɗalibanka. Ta mutumin da yake kallo ɗan ajinsa ya wuce shi. Ita nake bi, ba jiya na fara ba, kuma ba zan fita ba sai ranar da na gan ka a bayan shanu, rana tana dukan ƙeyarka."