Fure Shida ga Sever Dobrota

"Na sumbaci hannunki, Buni. Au, har yanzu kina nan? Na ɗauka zan tarar da maƙwabta suna rabon tukwanenki."

"Ina nan, sai na ga bayanka. Shigo ka rufe mini ƙofa, dogon banza. Ina saƙona?"

Veturia, wadda jikokinta ke kira Buni, ta kasa zama tun da aka tashi daga coci. Ta sa baƙar riga ta cire, ta sa shuɗiya. Ta je taga ta dawo, ta koma. Yau da la'asar tsohon ɗan wasa Sever Dobrota zai hau dandamali hawan ƙarshe a gidan wasan kwaikwayo na garinsu, Braila, ga shi ya kusa casa'in, kuma matar da ke sayar da tikiti ta raɗa mata cewa ko rabin kujerun ba a saya ba. Abin da ya tsaya mata a rai ke nan. Ta sayi tikiti biyu ta ɓoye a jaka. Jikanta Tibi bai san na biyun nasa ba ne. Shi a saninsa zai sayo fure, ya sauke ta a ƙofa da motarsa, ya wuce bakin kogi inda budurwarsa Ilinca ke jiransa.

Ya miƙa mata jajayen furanni a naɗe cikin takarda. Ta buɗe, ta bi su da yatsa, ta ɗago kai.

"Shida? Tibi, gawa za mu kai wa?"

Ko yaron goye a garin ya san furen da adadinsa ya rabu biyu daidai na makabarta ne. Mai rai sai uku, ko biyar, ko bakwai.

"Haka na same su a ɗaure."

"A ina?"

"Wajen matar nan ta ƙofar makabarta. Can ne kaɗai ake samun wurin ajiye mota."

"Allah ya isa tsakanina da wanda ya ba ka takardar gama makaranta! Mutum yana numfashi, yana shirin sunkuya wa jama'a, ka je ka sayo masa furen kabari?"

"Ai ya dace da shi. Tun da na buɗe ido nake ganinsa yana mutuwa a talabijin. A harbe shi, a rataye shi, jirgin ƙasa ya taka shi. Ba a taɓa kaiwa rabin fim da shi ba. Wa ya taɓa kai masa ta'aziyya? Ni ne na farko."

"Rufe wannan bakin mai kama da ƙofar gareji. Mutuwar tasa ka sani? Kowa in aka harbe shi a fim sai ya dafe ƙirji ya yi ta birgima kamar akuyar da ta ci guba. Shi fa, a fim ɗin nan na yaƙi da ya fito a mai fiton kwalekwale, da harsashi ya same shi sai ya dubi igiya. Ya ɗaure kwalekwalen tukuna, ɗaurin kirki, ya ja ya tabbatar, sannan ya zauna. Shi ke nan. Duk masuntan garin nan da ke cikin sinima ba wanda ya yi tari."

"Barci suka yi."

"Ubanka ne ya yi barci, yana jariri a cinyata, ya kuma jiƙa ni. Gadon da ka ci ke nan."

Ta kai furannin kicin, ta dawo da su, ta rasa inda za ta ajiye. Ta leƙa agogon bango, ta cire ɗankunne ɗaya ta mayar. Tibi ya baje a kujera, ya jawo kwanon tuffa gabansa.

"Buni, ki faɗi gaskiya, saurayinki ne? Ai tare kuka yi ƙuruciya, lokacin da ake haƙa kogin Danube."

"Da ya neme ni, da yau jikana kyakkyawa ne mai hankali, ba sandar rataye riga ba."

"Kyakkyawa? Mutumin da hancinsa ke riga shi shiga ɗaki? Shi ya sa ba a taɓa ba shi yarinyar fim ba. Kullum shi ne mai gadi, shi ne kawu, shi ne mai duba tikiti. A kasuwa ko sunansa ba a sani ba, sai dai a ce ga mutumin nan na cikin abin nan."

"To kyawawan da aka ba yarinyar, suna ina? Faɗa mini sunan ɗaya. Duk fuskarsu guda, kamar farantan gida ɗaya. Shi kuwa in ya shigo ya ajiye hula kawai, ka san irin matar da ya baro a gida da abin da ya ci da safe."

"Ni dai abin da na sani, tallar man manne haƙoran roba. Yana murmushi, yana cizon masara."

"Tsufa ne da yunwa. Kai ma za ka yi tallar abin da ya fi wannan, in an samu mai saye. Zamanin da talabijin ke yin awa biyu kacal a rana sai a rufe, mu duk benen nan a ɗakin nan muke cunkushewa daren sabuwar shekara, ba wuta a murhu, kowa da bargonsa. Ya fito a kawun da ya sha ya yi tatul yana neman hannun kwat ɗinsa. Bai ce uffan ba. Shi da kwat kawai, suna zagaya juna. Kakanka ya yi dariya har haƙoransa suka faɗa cikin miya."

"Kin gani? Da ya sayi man da mutumin ke talla."

Ta ɗaga jaka za ta maka masa, ta fasa, don ta tuna abin da ke ciki. Ta zuge, ta fito da tikitin biyu, ta ajiye a kan tebur kusa da gwiwar hannunsa.

"Wannan fa? Wani tsohon kika samu?"

"Na samu. Mai kunnen jaki, mai sayen furen gawa."

"A'a, Buni! Ba mu yi haka da ke ba. Ilinca na can bakin kogi tana jira."

"Kira ta ta zo. Kujeru sun yi yawa, ai ita ce masifar."

"Awa biyu ina kallon tsoho yana tari a kan dandamali, gefena tsofaffi suna amsa masa? Gara a cire mini haƙori."

"Zan cire maka kyauta. Ka dubi nan." Ta miƙa masa hannuwanta. Yatsun sun kanannaɗe, gaɓoɓin sun kumbura. Ta tafa su, sai wani ɗan sauti kamar an yar da tsumma. "Ka ji? Tafin da zan yi masa ke nan. Duk sa'o'ina haka hannuwansu suke, waɗanda ba su riga sun kwanta ba. Mutumin zai gama, ya ɗago kai, ya ga jajayen kujeru suna kallonsa. Kai kuma Allah ya ba ka hannuwa kamar shebur, ba ka san abin yi da su ba sai latsa waya."

"In haya kike so ki ɗauke ni, sai a yi ciniki."

"Na share maka majina shekara da shekaru ban yi ciniki ba."

Tibi ya zaro 'yar wuƙa daga aljihu, ya ɗauki tuffa, ya soma ferewa. Veturia ta koma taga, ta ga mutanen da ke jiran jirgin ƙasan cikin gari ba ko ɗaya da ya yi shigar zuwa kallon wasa, ta yi tsaki, ta juyo za ta ci gaba da faɗa. Sai ta tsaya. Yaron yana juya tuffar a hankali da babban yatsa, ɓawon yana saukowa siriri, dogo, bai tsinke ba. Kansa a karkace, idonsa ba a kan wuƙar ba, a kanta.

"Wa ya koya maka wannan?"

"Me?"

"Fere tuffa haka. Ubanka da haƙori yake yi. Uwarka in ta fere, rabin tuffar ke tafiya kwandon shara."

"Haka kowa ke yi. Duk yaran layinmu haka muke yi, har gasa muke, wanda nasa ya tsinke ya sha ranƙwashi."

"A ina kuka gani?"

Tibi ya dakata da ferewar. Ɓawon yana lilo daga bakin wuƙar.

"Ɗan sandan cikin nan," ya ce a hankali. "Mai tuhuma, a wasan da ake nunawa ranar Asabar. Ba ya duka, ba ya ihu. Ya zauna yana fere tuffa yana kallon mutum, kafin ɓawon ya taɓa tebur mutumin ya faɗi sunan kowa." Ya dube ta. "Kai! Shi ne?"

"A'a, ni ce na sa gashin baki."

"Amma wancan ai ba shi da hanci haka."

"Hancin yana nan, tsoro ne ya hana ka gani. Bayan kujerar nan da kake kai kake shigewa, kana leƙe da ido ɗaya. Mako guda ka ƙi cin tuffa, ka ce za ta sa ka tona asirin wanda ya fasa mini gilashin fitila."

"Ƙarya kike yi mini, tsohuwa!"

"Ga shaida a hannunka tana reto. Ƙato da kai, da gemu, da mota, da budurwa, har yau shi kake kwaikwayo, kana ce mini ba wanda ya san shi."

Tibi ya dubi wuƙar, ya dubi ɓawon, sai dariya ta ƙwace masa har ɓawon ya tsinke ya faɗi ƙasa. Ya jawo waya yana share ido.

"Ilinca? Bar bakin kogin, ki same mu a gidan wasa. E, yanzu. Buni ta ci ni da yaƙi. Ki zo da ƙanwarki in tana kusa, da duk mai hannu biyu."

Veturia ba ta tsaya jin sauran ba. Ta riga ta saɓa jaka, ta ɗauki furannin, ta zare guda ɗaya, ta soka masa a aljihun riga da ƙarfi har ya yi ƙara.

"Saura biyar, na mai rai. Tashi mu tafi."

"Ni kuma guda ɗaya tak? Rowa dai har kabari, Buni."

"Gode wa Allah ban ba ka biyu ba."