Raƙumin Na'Allah da Hular Yari

"…Inna lahiya lau take, tana gaishe ki. Ke dai ya hanya? Kin iso da kanki, ko mutanen daji sun tare ki sunka ga ba su iya ciyar da ke, sunka sako ki?"

"Hanya lahiya," in ji Saude. Ko murmushi ba ta yi ba.

Tun da safe ta taso daga Sabon Birni a motar haya, ta biyo hanyar Isa da mutane ba sa bi yanzu sai da dalili mai ƙarfi. Nata dalilin raƙumi ne na itace. Mahaifinta, marigayi Na'Allah masassaƙi, shi ya sassaƙa dabbobin majaujawar da ke filin wasan yara na Isa: doki, jaki, sa, zakara da raƙumi, kowanne a kafe jikin ƙarfe, ƙarti na turawa da hannu, yara na juyawa suna ihu. Filin na wani attajiri ne, amma kowa Lilon Na'Allah yake ce masa. Bana magadan attajirin suka sayar wa wani kamfani. Kamfanin ya ja katanga, ya sa wa wurin suna Fadar Nishaɗi, ya tumɓuke majaujawar. Jiya Saude ta ga hoto a zauren Wasap na 'yan garin: dabbobin mahaifinta a jibge bayan katanga, an ce mai gidan burodi zai kwashe su ya hura wuta. Sauran ba su dame ta sosai ba. Raƙumin take so.

Wanda ya tare ta a ƙofa kuwa Yari ne, ɗan gwaggonta Larai, taubashinta tun suna tsirara. Kamfanin ya ɗauke shi mai kula da ƙofa, ya ba shi riga ruwan lemo da hular hana-salla mai tambari a goshi. Yau ake bikin buɗewa, manaja na kan hanya daga Sakkwato.

"Yari, wa ya rina ka? Daga nesa na ɗauka gwanda ce ta nuna ga bakin ƙohwa."

"Kayan aiki ne, baƙauya. Ku can Sabon Birni kun taɓa ganin ma'aikaci?"

"Mun ga bayi dai. Ɗan mace, jiya bawan gidanmu, yau bawan kamhwani. Kauce in wuce."

"Sai da takarda ga hannu. Nan ba a shiga haka nan, ɗaura miki za a yi ga wuyan hannu."

"A ɗaura min? Ni akuya ce za a kai kasuwa? Hilin da ubana ya share da hannunshi!"

"Kuma wagga ƙwarya da kinka ɗauko, nan za ta tsaya. Ba a shigowa da abinci daga waje."

Saude ta dubi ƙwaryar furar da ke hannunta, ta dube shi.

"To mi yara za su ci?"

"Akwai shago ciki. Abin da kamhwani ya tanada."

"Wato ku kulle su, yunwa ta kama su, ku sayar musu da iska cikin leda. Kai, Allah wadai! Baba da ƙwaryar nono yake barin ɗiyan makiyaya su hau. Wadda ba ta da ko nono, sai ya ce ta turo majaujawa ɗanta ya hau. Shi ya sa har yau ake kiran sunanshi. Kai wa za ya kira naka?"

Ta leƙa ta saman kafaɗarsa. Dogonyaron da iyaye mata ke zama ƙarƙashinsa an sare, an daɓe wurin da siminti don ajiye motoci. Inda majaujawa take a da, an kafa wata ta roba mai fitilu. A gefe ga ƙananan motocin lantarki masu karo da juna.

"Wancan da ke bisa majaujawa mi ne ne? Mai tsayuwa kamar limami, baƙi da hwari?"

"Tsuntsu ne. Ƙasar ƙanƙara yake zama."

"Ƙanƙara. Cikin Isa. To Allah ya ba shi haƙuri, bari bazara ta yi."

"Ke ba ki san dabarar kasuwanci ba. Manaja ya yi muna bayani. Ya ce yaron Isa kullum raƙumi na wucewa ƙohwar gidansu, jaki shi ka kai shi rahi. Wa za ya biya ya hau abin da yake gani kullum? Sai ka kawo mishi abin da bai taɓa gani ba."

"Ai kuwa sun ga abin da ba su taɓa gani ba! Na ji labarin ranar gwaji. Janareta ya mutu, ɗiyan mutane sunka daskare bisa tsuntsun ƙanƙara, rana na dukansu, kai da rigar gwanda kana turi abin ya ƙi motsi. Ta Baba ta taɓa jiran mai? Tuwo kawai ƙarti ka ci."

"Matsala ce ƙarama, an gyara."

"Ka shiga zaure ka ji ƙarama. Hamza mai shayi saƙon murya ya aiko har muryarshi ta dishe. Ya ce nan ya hwara ganin matarshi, ƙarƙashin itacen da kunka sare. Wata ta ce ko da kyauta ba ta kawo ɗiyanta."

"Ita ce ta hwarko ga layi ranar gwaji, na gane muryarta. Tsohhi ne ka surutu cikin waya, Saude. Yara motoci suke so. Je ki tambayi naki."

Wannan ta soke ta, domin nata 'ya'yan tun da suka ga hoton motocin ba su bar ta ta huta ba. Yari ya ga ya samu sa'a, ya ƙara.

"Kuma a hwaɗi gaskiya. Ƙarhen majaujawa ya yi tsatsa tun Kawu na da rai. Bara ya yanke wa wani yaro yatsa. Samarin da kamhwani ya ɗauka aiki, da ba don nan ba ina kike zato za su nuhwa? Ni kaina gonata ta Kamarawa shekara nawa ban taka ta ba?"

Abin ya ƙara wa Saude haushi.

"Matso in karanta sunan ubangijinka da anka rubuta ma ga goshi."

Yari ya sunkuyo yana washe baki. Kafin ya ɗago, hular ta bar kansa ta shige cikin hijabinta.

"Ke! Ke Saude! Ba ni! Manaja ya ce duk wanda ya iske ba hula, ya kama hanyar gida!"

"Wane wata muke ciki?"

Watan cika-ciki ne, watan taubasai. Abin da taubashi ya ƙwace a cikinsa ba a karɓa da ƙarfi, ba a kai ƙara, ba a fushi. Sai dai a fansa. Wanda ya saɓa, dangi za su yi ta ba da labarinsa har jikoki.

"To mi kike so? Lemo? Za ni ba ki na kwalba, mai sanyi."

"Raƙumin Baba."

"Kayan kamhwani ne."

"Kamhwani ya zubar. Wuce mu tahi, kan nan naka kamar ƙwarya ta sha suɗi, rana na cin shi."

Suka zaga bayan katanga. Ga su nan a jibge kusa da ɗakin janareta. Dokin ya karye a wuya, gara ta cinye cikin san, jakin na kwance ƙafafu sama, zakaran ne kaɗai da sauran kamanni. Saude ta ajiye ƙwarya, ta ɗaga wannan, ta ture wancan. Babu raƙumi.

"Ina yake?"

Yari ya kau da kai, ya sosa ƙeya.

"Shi anka hwara ɗauka. Itacen ƙirya ne, ya hi cin wuta. In kin ci burodi ga tasha yau, to kin ci raƙumi."

Ya jira ta zage shi. Ba ta zage shi ba. Ta zauna a kan cikin jakin a hankali. Raƙumin ne abu na ƙarshe da Na'Allah ya sassaƙa, lokacin idonsa ya fara rauni, da tafin hannu yake lalubar itacen. Ita ya riƙa ɗorawa a kai yana gwada tozon, ta sauka ya rage, ta sake hawa, har ya yi daidai da zaman yaro. Gidansu na Tsamaye an ƙone shi a shekarun tashin hankali, da gizagonsa da komai. Abin da hannunsa ya taɓa, dabbobin nan ne suka rage, raƙumin kuma shi ne nata.

Ta zaro hular daga hijabi, ta miƙa masa ba tare da ta dube shi ba.

"Ungo."

"A'a. Ban hwansa ba."

"Ungo hularka, Malam Yari. Allah ya ba da sa'ar aiki."

Tun da aka haife su ba ta taɓa ce masa Malam ba. Kuma taubashi ba ya mayar da abin da ya ƙwace haka siddan, sai in ya yanke wasa. Yari ya ja da baya kamar garwashi ta miƙo masa.

"Ba haka ake yi ba, Saude. Riƙe. Don Allah riƙe."

Ya lalubo mabuɗi, ya buɗe ɗakin janareta, ya yaye wata tsohuwar tabarma a lungu. Raƙumin na tsaye da ƙafafunsa, wuya a miƙe, leɓe a saɓule kamar yadda Na'Allah ya bar shi. An goge shi da mai har yana ƙyalli. An ɗaure masa tsagaggen kunnensa da sabuwar fata.

Saude ta tashi, ta shafa tozon. Ta daɗe hannunta na wurin. Sannan hular ta koma cikin hijabi da sauri fiye da yadda ta fito.

"Ɓarawo! Maƙaryaci! Ɗan mace mai baƙar aniya! Burodi ko? Ka sa hanjina ya juya a banza!"

"Ba sata ba ce, sharata ce! Watan cika-ciki ne, ke kinka tuna min. Ni ɗan mace, ina da hakkin shara gidan kawuna. Ba ki taɓa ba ni ta kirki ba, kullum goron da ya bushe. Bana na ɗauka da kaina."

"Kai da ka ce ba mai son abin da yake gani kullum?"

"Manaja ya ce. Ni maimaitawa na yi."

"Wa ya shahe shi da mai?"

"Kawuna ne shi ma, Saude. Ke kina bisa tozo kina ihu, wa ke ƙasa yana turi? Ni na san nauyin wanga raƙumi, ke daɗinshi kawai kinka sani. Ranar da anka tumɓuke shi, ni na riƙe wuyan kada ya bugi ƙasa. Zauren gidana na yi niyyar kai shi, in aje inda za ni riƙa ganinshi."

"Kullum?"

"Kullum."

"To ba ka da dabarar kasuwanci."

Daga can bakin titi aka jiyo hon na motoci da kiɗan maroƙa. Manaja ya shigo gari. Yari ya dafe tsiraicin kansa, ya dubi raƙumi, ya dubi hijabin Saude, ya sake duban raƙumi.

"Wallahi ke ba mutum ba ce. Gara mutanen daji, su ana ciniki da su."

"Hula ko raƙumi. Ga ubangijinka nan ya iso."

Ya tsuguna, ya rungumi raƙumin, ya ɗaga shi da nishi ya fitar ta ƙofar baya, ya tsayar da mai keke napep, suka kwantar da shi a kujera wuyansa ya leƙo waje. Ya cire rigar lemon ya naɗe kunnen da ita, ya tuna da manaja, ya warware ya mayar jikinsa, ya kawo tabarmar ya naɗe. Saude ta biyo shi da zakaran a hammata.

"Shi kuma hwa?"

"Gyara."

Ta kifa masa hular a kai, baki ta baya. Ta ɗauko ƙwaryar furar ta danƙa masa a hannu biyu.

"Ga shararka. Da nonon shanu anka dama, ba na gwangwani ba. Ka sha nan waje, kada su kore ka."

Ta shiga keke ta rungume wuyan raƙumin.

"In ka yi marmarinshi, ka zo Sabon Birni ran Salla. Ka tsaya ƙohwar gida, za ni ɗaura ma takarda ga hannu. Kuma ba a shigowa da abinci daga waje."

"To mi za ni ci?"

"Abin da kamhwani ya tanada."

Dariya ta ƙwace wa Yari har fura ta zubo masa a rigar lemo. Ya juya hular daidai, ya kafa kai a ƙwarya ya sha da sauri, keke na tafiya da raƙumin Na'Allah yana leƙen garin Isa.