Inifom Ɗin Auren Da Ya Mutu

Ba zan taɓa mantawa da ranar auren Ramatu na biyu ba, ko da na so in manta. Har yau in na tuna sai in ji kamar in tsinka wa kaina mari.

Ni malamar lakwal ce, wato makaranta, a nan Yamai, kuma duk macen da ke zaune a garin nan ta san bala'in inifom, wato anko. Aure, inifom. Suna, inifom. Ɗiyar maƙwabciyar ƙanwar abokiyar aikinki za ta yi aure, ke da ba ki taɓa ganin ko keyarta ba, inifom. Da safe za a turo miki hoton zane a waya a ce "an fitar", shi ke nan, ba shawara. Ki saya, ki kai wa tela, ki yi faɗa da tela, ki sa sau ɗaya, ki ninke. Armuwar, wato kabad ɗin kayana, ya cika har ƙofarsa ba ta rufuwa sai na danna da gwiwa, amma kowace safiya ina tsaye gabansa da ɗaurin ƙirji ina cewa ba ni da abin sawa. Kuma ba ƙarya nake ba! Wa za ta shiga aji da zane ruwan lemo mai hoton fanka? Rabinsu ma roba ne, wanki biyu sun koɗe.

Wata rana haushi ya ishe ni, na rantse na gama. Ba zan ƙara sayen zanen da wata ta zaɓa mini ba. Zan riƙa sayen kaɗan masu kyau, na gaske, waɗanda za su daɗe, kafin nan kuma in sa abin da nake da shi. Shawara ce mai kyau, har gobe ina kanta. Matsalar ita ce bakina. Na mayar da abin wa'azi (a ɗakin malamai da sun hango ni sai kowa ya tuna yana da takardun gyara).

Ana cikin haka auren Ramatu ya tashi. Ramatu aminiyata ce tun muna yara a Dogonduci. Aurenta na fari ba aure ba ne, azaba ce. Ta fito daga gidan mutumin nan a rame kamar tsinke, ta yi shekaru ba ta son a yi mata ko zancen namiji. Sai ga shi Allah ya kawo mata mutumin kirki, wani direba ɗan unguwar Gudel. Na yi murna har da hawaye. Amma da ƙanwar mahaifiyarta, Tanti Zali, ta fitar da inifom shuɗi, na ce ba ni saye.

Ramatu ta ce, "Ba komai, ke dai ki zo mini." Tanti Zali kuwa kirana ta yi.

"Ke ɗiyar nan, mi kike nufi? Auren ƴar'uwarki guda?"

"Tanti, zumunci ba a zane yake ba," in ji ni, gwanar iya magana. Na yi mata wa'azin nan kaf, har ta kashe wayar a kunnena.

Ranar buki na zazzage armuwar har ƙasa. Can a gindi na ci karo da wani zanen waks kore mai ratsin ruwan zinari, ɗinkakke, riga da zane da ɗankwali, ko sau ɗaya ba a sa shi ba. Na kasa tuna inda na samo shi, ban kuma damu in tuna ba. Na ce kin gani ko, dukiya kwance a ɗaki ina ta yawon kasuwa. Na goge, na sa, na kafa ɗauri, na tari taksi sai Gamkalle, gidan su amarya.

Rumfa cike da mata, kowa shuɗi. Na shigo ni kaɗai kore shar. Sai wuri ya yi tsit. Ni kuma sakarya na ɗauka kyau ne ya kashe musu baki. Wallahi har juyi na yi a tsakiyar fili, na ɗaga murya na ce, "Kun gani? Ko dala ban kashe ba!"

Tanti Zali ta saki farantin da ke hannunta.

"La'ilaha illallahu! Wa ya aiko ki? Inifom ɗin auren wancan azzalumin kika sako mana yau?"

A nan ƙwaƙwalwata ta ga damar farkawa, munafuka. Lokacin auren farko ina aiki a wani ƙauye bayan Tawa, ga tsohon ciki. Na aika an saya mini, an ɗinka, rashin lafiya ta hana ni zuwa, na ninke na manta. Ni kaɗai na manta. Matan nan da ba su iya tuna ranar rigakafin ƴaƴansu, babu wadda ba ta gane zanen ba. Dangin ango suna tambaya mi ya faru, nan take wata ƴar sa-kai ta matsa kusa tana yi musu bayani dalla-dalla (irin waɗannan ba a taɓa rasa su a buki, Allah ya saka mini). Ina ji wata ta ce, "Dama ta ƙi sayen namu, ashe da shirinta."

Na buɗe baki zan rantse, Tanti ta fizgi hannuna ta kai ni ɗakin amarya.

Ramatu na zaune bakin gado, an gama mata lalle da kwalliya. Ta ɗaga mayafi. Ba ni ta kalla ba, zanen ta kalla, ta daɗe tana kallonsa. Da ma zagina ta yi, da na samu abin cewa.

"Duk waɗanda suka kai ni gidan wancan mutumin, wannan suka sa," ta ce a hankali. "Na Inna ni na ƙona shi da hannuna. Na san ba da gangan kika yi ba. Amma don Allah ki cire, kada mijina ya gani."

Hawaye ya ɓata mata kwallin da aka yi awa ana zizarawa. Ni na sa ta kuka ranar da ta daɗe tana jira, saboda tsabar iyayina.

Aka ba ni zanen wata mai girki, mai ƙaurin hayaƙi, da wata riga da ta tsaya mini a cibiya. Da su na wuni bayan gida wajen tukwane, ina yankan albasa ina zagin kaina, ina zagin inifom, ina zagin wadda ta fara ƙirƙiro shi ita da tela duka. Ina jin mai hoto yana kiran ƙawayen amarya. Ramatu ta aiko a kira ni, Tanti ta ce wa ƴar aiken ba a gan ni ba.

Ramatu ta yafe, muna nan tare. Amma babban hoton bukin yana rataye a falonta, ƙawaye reras, har da waɗanda ta sani bara. Babu ni.

Yanzu kayana kaɗan ne, ni na zaɓe su, na san ranar da na sayi kowanne da dalilin sayensa. Sauran na rabar da su can nesa, garin da ba a san aurarrakin Yamai ba. Kuma in kin ji wata na shirin daina sayen kaya, ki gaya mata ta rufe bakinta tukuna, ta zauna ta tambayi kowane zane a ɗakinta auren wa ya je. In ita ta manta, akwai mata cike da rumfa da ba su manta ba.