Yadda Za Ka Zama Alƙalin Finafinai a Majalisa Ba Ka Kalli Ko Ɗaya Ba

Kai da kake rakuɓe a bakin tabarma, ana musun fim kana gyaɗa kai kamar ƙadangare, wahalarka ta ƙare. Bi matakan nan, kafin a cire gyaɗa za a matsa maka ka jingina da gindin darbejiya, wurin da ba a ba kowa sai wanda maganarsa ke kashe musu. An gwada su a kan Malam Sama'ilu, wani manomi a bayan Tsanyawa, ya riƙe gindin bishiyar nan damina uku cur.

1. Samo mai kalla maka

Kallo aikin marasa aiki ne, kai kuwa magidanci ne. Sama'ilu matarsa Aina'u ke kalla masa. Ranar kasuwa mai cajin waya ke turo mata finafinai, ta jingina waya da turmi tana ɓarar gyaɗa. Shi kuwa ya juya baya yana gyaran ƙotar fartanya.

"Wannan shirmen bai ƙare ba?"

"Haba Malam, yanzu ma aka fara. Ashe direban nan shi ne ubanta!"

Kada ka tambaya, ka raina kawai. Labari zai zo da ƙafarsa, har da waƙar.

2. Koyi tsaki

Gajere na shirin Hausa mai dogon zango ne, wanda aka kai kashi na tamanin ba a gama gaisuwar kashi na farko ba. Dogo na Turawa. Na Indiya kuma a haɗa da girgiza kai.

3. Auna komai da idon manomi

A nan ba mai kayar da kai. Ranar da Abdulbasit, malamin firamare da ya daɗe yana hararar gindin bishiyar, yake zuzuta wani jarumi mai tashi sama, Sama'ilu ya bari ya gama tsaf.

"Ƙato da gemu, ya ɗora kamfai a kan wando. Ya ɗaga jirgin ƙasa, na ji. A ba shi garma ya yi mini kunya goma a gonar fadama, mu ga ƙarfin."

Aka koma na Indiya, ya ce, "Mutum arba'in suna tsalle a shukar da ta fara fure, don yarinya ta yi murmushi. Gonar wa? An tambayi mai ita?"

Majalisa ta tuntsire da dariya, Abdulbasit ya mayar da waya aljihu.

4. Kada ka yabi komai

Wanda ya yaba, za a tambaye shi wurin da ya fi burge shi. Wanda ya kushe, ba a neman hujjarsa. Riƙe wannan da kyau.

5. Kada ka yi wa mai kalla maka tsaki a gaban baƙi

Nan Sama'ilu ya zame. Ƙanwar Aina'u, Sauda, ta zo yini, ya leƙo ya ce kan matarsa ba komai ciki sai abin da mai caji ya tura. Sauda ta yi dariya. Aina'u ba ta yi ba.

Bayan kwana biyu sai Aina'u ta ce, "Malam, ka san ƙarshen mai kamfan nan? Tuba ya yi. Ya ninke mayafinsa, ya koma ƙauyensu noman albasa. Har taki yake ɗauka a ka."

Sama'ilu ya ajiye fartanya. Bayan la'asar ya jingina da bishiya, ya manta mataki na huɗu.

"Jama'a, yau kam na ga fim. Da yaron nan ya durƙusa yana dashen albasa, wallahi sai da idona ya kawo ruwa."



"Albasa, Malam?" in ji Abdulbasit. "Da idonka ka gani?"

"Da idona. Tazarar dashen ce kawai ta yi kusa."

Abdulbasit ya fito da waya ya kai fim ƙarshe, aka haɗa kai. Ga jarumi can saman gajimare yana jifan wani dodo da motar haya. Ko ganyen albasa babu.

"Ko a naka kashin ne, Malam? Wa ya turo maka, mu ma mu je?"

6. Idan asiri ya tonu

Tashi da mutuncinka, ka ce akuya ta shiga gona. Kada ka waiwaya, don za ka ga Abdulbasit yana gyara zama a gindin darbejiya. Sama'ilu ya waiwaya.

A gida ya tarar da Aina'u a bakin turmi.

"Malam, ya albasa?"

Ya ja kujera ya zauna, fuskarsa na kallon wayar.

Sanarwa: duk wanda ya bi matakan nan ya rasa wurin zama, ko girma, ko miyar gidansa ta canja ɗanɗano, shi ya jiyo. Kada a zo neman mai wannan rubutu. Ba ya zuwa majalisa yanzu, hannunsa kuma ba sarari, don Aina'u ta ce ba za ta danna kashi na gaba ba sai ya cika mata kwanon gyaɗa.