Gonata da Na'urarku Ba Ta Gani

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Cibiyar Haɗa Kan Masu Kai Ɗauki, uban na'urori, Allah ya ƙara wa ofis sanyi.

Bayan gaisuwa da fatan kwamfutocinku sun tashi lafiya. Ranka ya daɗe, shekara huɗu ke nan ina ɗauke da maganar doyata, ƙwarya shida, wato doya ɗari shida, da gobara ta cinye a gonata ta Maje. Ban yi boko ba. Maƙwabcina Alphonsus ne ke rubutawa, na kuma hana shi gyara mini magana.

Na ɗaya. Da can, in masu farautar gafiya suka cinna wa daji wuta, ihu ɗaya ake yi, gari ya fito da ɗanyen ganye a kashe ta. Kuka tara mu, kuka ce wannan ƙauyanci ne, yanzu lamba ɗaya za a buga, 'yan kwana-kwana da motar asibiti da jami'an tsaro su ji tare. Madalla. Ranar da na buga duka ukun sun ji. Kowa ya ga a allonsa cewa ɗan'uwansa ya ji, kowa ya gyara zama. Kai, ban taɓa ganin haɗin kai irin wannan ba!

Na biyu. Matar da ta ɗauki wayar, mai ladabi, ta ce in faɗi sunan titi da lambar gida. Na ce baiwar Allah, gona ce, bayan tsamiyar marigayi Isiyaku, in an haye rafi. Ta ce, "Baba, tsamiya ba ta cikin na'ura." To tsamiyar ce ta ƙi yin rajista, ko marigayin?

Na uku. Ashe a taswirarku gonata rukunin gidaje ce, har da kwalta, yadda wani kamfani ya zana tun bai tambaye ni ba. Da mota ɗaya ta daure ta fito bayan la'asar, titi na bakwai ta yi ta nema. Ta koma ta rubuta cewa babu gobara a titi na bakwai. Wallahi gaskiya ta rubuta, titin ma babu shi.

Ƙaramin jirgin nan naku mai kukan sauro kuwa, kwana biyu bayan nan ya zo ya ɗauki hoton toka. An ce hoton ya yi kyau. Na taya ku murna.

Ranka ya daɗe, bana ma doya tana rumbu a gonar, ciyawa ta bushe, jiya na ga samari da sanduna da karnuka. Maƙwabtan da za su kawo ɗauki duk suna Abuja da rana, gidajensu da kwaɗo. Matata Saudatu ta ce in ta sake ƙonewa in haƙura da noma. Ba zan haƙura ba.

Saƙon "an karɓi ƙorafinka" ina da goma sha ɗaya, sun ishe ni. Mutum nake so, mai ƙafa, ya zo ya tsaya cikin kunyar doyata, ya dube ni ya gaya mini: gona ce ko ba gona ba ce? Kafin Juma'a, don Allah. Samarin nan ba za su wuce Asabar ba.

Naka mai biyayya, tsugune a ƙasa ina jiran amsa,

Ja'afaru Mai Doya,
Maje, Suleja.