Neman Onarabul a Gidan Makoki

Shekaranjiya Alhamis na yi awa uku cur a layin mai a hanyar Kuje, don kawai in je ta'aziyyar wani bawan Allah da ban taɓa gani ba. Da layi ya zo kaina, mai zuba man ya rataye tiyo ya ce an ɗauke wuta. Dole na ƙarasa wurin 'yan bumburutu na sayi galan guda, har yanzu motata tana tarin abin da suka haɗa a ciki. Kada mai karatu ya ɗauka tsabar imani ce ta fitar da ni. Wakilinmu na je nema.

Ga yadda abin yake. Ni da maƙwabcina Malam Sadisu, mai sayar da yadi a kasuwar Kuje, 'yan gari ɗaya ne can arewa. Ba zan faɗi sunan jihar ba, ina da 'yan'uwa masu cin albashi a can. 'Yarsa Mashkura ta gama makarantar ungozoma bara. Jiharmu ta buɗe ɗaukar ma'aikatan lafiya, za a rufe ranar Juma'a ƙarfe goma sha biyun rana. A asibitin garinmu babu ungozoma ko ɗaya, in naƙuda ta yi wa mace tsanani a kan babur ake ɗora ta zuwa hedikwatar ƙaramar hukuma. Yarinyar nan can take so a tura ta, inda kowa ke gudu. Takardunta sun cika, saura abu guda da ba a rubuta a talla ba amma ko akuya ta san da shi: sa hannun ɗan majalisar mazaɓarka a bayan fom. Fom ɗin da babu shi ba a ƙin karɓarsa, ajiye shi kawai ake yi.

Ɗan majalisarmu na jiha, Mai Girma Onarabul, Inuwar Talakawa, Ruwan Sanyin Mazaɓa, mutum ne da ya kamata a riƙa koyar da tarihinsa a makaranta. Da kansila ya fara, lokacin yana hawa babur ɗin aro yana cin ƙosai tare da mu a tasha. Daga nan ya haye majalisar jiha, yanzu yana zango na huɗu. Ya sauya jam'iyya sau uku, kowane karo ya ce jama'arsa ce ta matsa masa, mu jama'ar kuwa a rediyo muke jin cewa mun matsa. A zauren majalisa an taɓa jin muryarsa sau biyu. Na farko ya goyi bayan a ɗage zama. Na biyu ya koka cewa na'urar sanyaya ɗaki tana busa masa a wuya, kuma a ranar aka juya ta, wanda ke nuna in ya yi magana ana ji. Shi ne shugaban kwamitin lafiya. Saboda kada ya gundiri mazaɓa da yawan gani, sai ya tattaro iyalinsa ya dawo Abuja da zama.

Malam Sadisu bai damu ba da farko. Zaɓe huɗu yana rufe shago ya tafi gida ya tsaya wa Onarabul ejan a akwatinmu. Ya ce mini, "Malam, zuwa da kai ya fi aike. Yana ganina zai sa hannu."

Ranar Litinin muka je gidan. Maigadi, wani dattijo mai furfura da ake kira Edward, wanda Hausa ba ta zauna a bakinsa ba, ya leƙo ta ƙaramar taga.

"Oga ba ya nan."

"Yaushe zai dawo, Baba?" in ji Sadisu.

"Ni ma tun las wik ban gani shi ba. Takarda ne? Idan ka ba ni, zan sa a kwali." Ya nuna wani kwali da ya cika har ya tsage. "Wannan na bara ne. Na bana yana ciki."

Sadisu ya mayar da fom aljihu. Dattijon ya dube shi, tausayi ya kama shi, ya rage murya.

"Zan gaya maka gaskiya. Ofis Oga ba ya zuwa, waya ba ya ɗauka. Amma idan babban mutum ya mutu a Abuja, dole Oga ya je a ɗauka shi hoto. Ka dinga jin rediyo."

Haka muka koma masu sauraren sanarwar rasuwa, Allah ya yafe mana. Talata ta wuce babu wanda ya rasu sai talakawa. Laraba da safe aka sanar da wani tsohon darakta, muka garzaya, aka ce Onarabul bai fi minti goma da fita ba. Muka yi wa mamaci addu'a muka dawo. Da yamma sai ga sanarwar wani babban ɗan kwangila a Maitama. Sadisu ya ce innalillahi, amma na ga ya tashi ya kai rigarsa guga.

Ranar Alhamis da ya ga layin mai ba ya motsi, sai ya bar ni ya shiga motar haya. Ya isa da wuri, rumfa ba kowa, ya zauna a kan dardumar farko kusa da ƙofa. Duk wanda ya taɓa zuwa makoki ya san dardumar nan ta iyalan mamaci ce, amma mai neman abu ido rufe yake. 'Ya'yan marigayi suka fito suka tarar da dattijo ido jawur, suka ɗauka cikin dangin ƙauye ne, suka zauna gefensa. Kafin in iso ya yi awa biyu yana karɓar gaisuwa.

Na tsuguna a bayansa na raɗa masa, "Malam Sadisu, me kake yi a nan?"

"Ni ma ban sani ba, Malam. Zama na yi aka fara ba ni hannu. Yanzu kuma in tashi in ce me?"

Bayan azahar Onarabul ya iso, mai hoto a gabansa yana tafiya da baya. Onarabul ya cire tabarau ya duba sahu, ya zaɓi fuskar da ta fi kowace baƙin ciki. Ya durƙusa ya kama hannun Sadisu duka biyu ya riƙe gam, fom kuwa yana aljihun Sadisu na ciki.

"Ya haƙuri, Alhaji?"

"Da godiya, ranka ya daɗe."

"Yayanku mutumin kirki ne. Rashin nan namu ne duka. Duk abin da ya taso, ƙofata a buɗe take."

Na ga bakin Sadisu ya motsa. To amma a kan tabarmar makoki ba a kawo zancen duniya, balle neman aiki, ga marayu na gaskiya a dama da hagu. In kuma ya ce shi ne Sadisu ejan, ya tona wa kansa asiri cewa tun safe gaisuwar da ba tasa ba yake karɓa. Bai gama shawara da zuciyarsa ba liman ya ce a yi Fatiha. Muka ɗaga hannu, kafin mu shafa sai bayan babbar riga muka hango. Muka zabura, wani ƙato mai baƙar kwat ya tare mu cikin ladabi ya ce masu makoki su zauna, Oga ya yafe rakiya.

Muka shiga motata muka kamo hanyar gida. Ni dai raina ya ɓaci ƙwarai, kuma ba don man da na ƙona ba. Mutum ya tsaya maka cikin rana zaɓe huɗu, ka riƙe hannunsa biyu kana kallon ƙwayar idonsa, ka kasa gane shi.

Jiya Juma'a Mashkura ta tura fom ɗinta haka nan bayansa fari tas. Ta ce wa ubanta, "Baba, a bar shi, Allah yana nan." Hoton kuwa tuni ya fita a shafin Onarabul, an rubuta a ƙasa wai Mai Girma yana jajanta wa ƙanin marigayi. Kafin la'asar ya isa garinmu. Muna zaune a ƙofar shago Iya, mahaifiyar Sadisu, ta bugo waya.

"Sadisu, wa ya rasu aka ɓoye mini? An nuna mini kai da Onarabul a waya."

Ya share fuska da bakin riga.

"Iya, ba mutum ba ne. Aikin jikarki ne."

"To, Allah ya ba mu haƙuri," in ji tsohuwa. "Amma dai ya kyauta da ya zo."

Ni ma abin da na gani ke nan, don haka masu cewa Onarabul ba ya yi wa mazaɓa komai a kan lokaci su ji tsoron Allah. Ƙarfe goma sha biyun Juma'a aikin ya cika, shi kuwa tun Alhamis ya yi mana ta'aziyya.