Hular Baba a Talabijin

Ba zan taɓa mantawa da yammacin da na yi wa kakata alƙawarin nuna mata ɗanta ba. Mahaifina ne, ya rasu da shekara guda, sai aka samu wani kaset ɗin biki da ya fito a ciki. Inna, wadda ciwo ya kwantar a Wagini, ta ce tana son ta sake ganin fuskarsa kafin ta bi shi.

A lokacin ina masinja a wani ofis a Batsari, ni nake kunna musu babban janareta mai shan gas. (Maɓalli kawai nake murɗawa, amma a gida injiniya nake.) Na aro bidiyo da talabijin, na je Safana wurin Malam Sale mai aski ya ba ni aron ƙaramin janaretansa.

"Ɗana, wannan sai ka gauraya mashi fetur da baƙin mai," in ji shi.

Na yi dariya. Ni da nake tayar da injin da ya kai ɗaki girma, wanda baƙin mansa ke da wurinsa daban? Na ce a raina gauraye-gaurayen 'yan ƙauye ne, na zuba masa fetur zalla.

Bayan la'asar aka fito da Inna tsakar gida, aka jingina ta da matashi. Maƙwabta suka cika gidan. Na ja igiya, inji ya tashi, har da gyara tsayuwata. Ga makaɗa, ga 'yan rawa, can sai ga Baba ya ba da baya, da jar hularsa. Yana shirin juyowa injin ya yi wata irin ƙara, ya yi tsit. Ya buga, saboda rashin baƙin mai.

Kaset ya maƙale. Don in wanke kunyata na sa wuƙa in zaro shi, zaren ya tsinke, ya cukurkuɗe.

Ba wanda ya zage ni, da ma sun zage ni. Inna ce ta dafa hannuna ta ce, "Bari kuka, jikalle. Ai na ga hulatai."

Ba ta ga daminar shekarar ba, ta rasu. Har yau abin yana ci mini rai. Tun daga nan, in mai abu ya ce ga yadda ake yi da abinsa, ko da abin jaki ne, sai in rufe bakina in saurara.